Son Kai, Girman Kai da Raina Kai: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin wannan karo sun taru a wuri guda, wato kalmomin da Hausa take faɗin yadda mutum ya ɗauki kansa da yadda jama'a suka ɗauke shi. Na taƙaita wasu, na haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Malam, ni ɗalibi ne a fannin halayyar ɗan Adam. An koya mana cewa mutum yana buƙatar ya riƙa ganin kansa da ƙima, wani abokina kuma ya fassara wannan da "son kai". Daidai ne?

Ba daidai ba ne, ɗan'uwa. In ka rubuta haka, mai karatu zai fahimci akasin abin da kake nufi. "Son kai" ya riga ya sami ma'anarsa: mai son kai shi ne wanda in an zo rabo sai ya jawo babban kaso gabansa, in an zo hukunci sai ya karkata wajen da zai amfana. Karin maganar nan "so duka so ne, amma son kai ya fi" ba umarni take bayarwa ba, halin ɗan Adam take faɗa, cewa in ta yi tsanani kowa kansa yake fara cetowa.

Abubuwa biyu ne ake koya muku, kuma ya kamata ka raba su. Na farko shi ne siffar da mutum ya ba kansa, amsar da zai bayar in aka ce masa "kai wane ne?" A 1954 Manford Kuhn da Thomas McPartland sun fito da hanya mai sauƙi ta auna wannan: a ba mutum takarda mai layi 20, ya cike kowane layi da amsar tambayar "ni wane ne?" Yawanci mutane sukan fara da matsayinsu cikin jama'a, uba ne, ɗaliba ce, direba ne, daga baya su gangaro ga halaye. Wannan sai ka kira shi "yadda mutum ya ɗauki kansa". Na biyu shi ne hukuncin da mutum ya yanke wa waccan siffa, ko tana da ƙima a idonsa ko babu. Shi ne "sanin darajar kai". Mutum biyu za su iya rubuta "ba na iya lissafi" a layi ɗaya, ɗaya ya rubuta ya wuce ko a jikinsa, ɗayan kuwa wannan layin ne yake hana shi barci. Siffar ɗaya ce, hukuncin ne ya bambanta.

To Malam, in darajar kai ta yi yawa ba ita ce take zama girman kai ba? Kuma mene ne ainihin ma'anar "girman kai rawanin tsiya"?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin kuskuren da ke cikinta ya sa iyaye da malamai da yawa suna murƙushe yara da niyyar gyara. Girman kai ba darajar kai ba ce da ta yi yawa. Abubuwa ne biyu daban, kowanne da saiwarsa.

Fara da karin maganar. Rawani shi ne abin da ake ɗorawa can bisa, shi ake fara hangowa, kuma alama ce ta matsayi. "Tsiya" kuwa tana ɗaukar ma'anar talauci, tana kuma ɗaukar ma'anar mugun hali da neman rigima. Don haka ana fahimtar maganar ta fuska biyu. Ta farko, girman kai shi ne ƙololuwar tsiya, abin da ake naɗa mata in ta cika. Ta biyu, shi ke jawo tsiyar, domin mai girman kai ba ya tambaya, ba ya koyo wurin na ƙasa da shi, ba ya karɓar aikin da yake ganin bai kai matsayinsa ba. A duka fuskokin biyu babu inda aka ce yana da arzikin da ya yi masa yawa. Cewa aka yi akwai naɗi a sama, babu komai a ƙasa.

Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud ya yanke wannan magana. Da aka yi gargaɗi kan girman kai, wani ya ce mutum yakan so tufarsa da takalminsa su yi kyau. Sai Annabi (SAW) ya nuna masa cewa wannan ba shi ne girman kai ba, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Alamomi biyu ke nan, kuma dukkansu a mu'amala ake ganin su.

Masu bincike sun iso wuri guda ta tasu hanyar. Ma'aunin darajar kai da aka fi amfani da shi a duniya shi ne wanda Morris Rosenberg ya fitar a 1965, bayan ya gwada shi kan ɗaliban sakandare sama da 5,000 a jihar Niyok ta Amurka. Jimloli 10 ne, biyar na yabo, biyar na kushe, mutum ya zaɓi ɗaya cikin amsoshi huɗu, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba". Abin lura shi ne babu jimla ko ɗaya da ta ce "na fi kowa". Wadda ta fi kusa tana cewa ne mutum yana jin yana da ƙima, aƙalla daidai da sauran mutane. A 1998 kuma Brad Bushman da Roy Baumeister suka sa mutane rubuta gajeren sharhi, aka maido wa wasu da takardarsu ɗauke da kushe mai zafi, sannan aka ba su damar sakar wa wanda ya kushe su ƙara a kunne, su ne masu zaɓen ƙarfinta da tsawonta. Waɗanda suka fi ramawa da zafi su ne masu jin sun fi kowa kuma dole a fifita su. Yawan darajar kai ko ƙarancinta kawai bai nuna wanda zai rama ba.

Hanyar ganewa a aikace ita ce gyara. Ka ce wa mutum "gyara kayanka". Wanda ya san darajar kansa zai iya jin zafi, amma zai duba kayan, don ya san gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai girman kai kuwa kai zai duba, ya fara neman inda zai rama.

Kishiyar girman kai ita ce tawali'u, kuma a kiyaye kada a haɗa ta da ƙasƙanci. Tawali'u ararriyar kalma ce daga Larabci, harafin "ladi" na cikinta ya koma "l" a bakin Bahaushe, kamar yadda ya koma a alƙali da alwala da lamiri da larura. Mai tawali'u yana da abin da zai ɗaga kai da shi, ya zaɓi ya sauko. Ƙasƙanci kuwa ko dai an jefa mutum ciki, ko shi ya gaskata cewa can ne wurinsa.

Malam, na ga wani ya rubuta "Allah ya yi masa jin kai". Haka ake rubutawa?

A'a. Lanƙwasa ɗaya ta juya addu'a ta koma zagi. "Jinƙai", da ƙ mai lanƙwasa, shi ne tausayi da rahama, daga nan muke cewa "Allah ya ji ƙansa". "Jin kai", da k, ɗan'uwan girman kai ne, su ne dangin ji-ji-da-kai da jin isa da taƙama. A kula da wannan musamman a saƙon ta'aziyya ta waya.

Malam, ni malamar makaranta ce. Mutunci abu ne da mutum yake da shi a cikinsa, ko jama'a ne suke ba shi? Ɗalibaina sun yi gardama a kai ban iya raba su ba.

Malama, kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma kalmar da kanta za ta raba gardamar. Mutunci daga "mutum" yake, aka ƙara masa ɗafin "-ci", "m" ta ƙarshe ta koma "n". Ma'anarsa ta asali ita ce kasancewa mutum da samun abin da ya cancanci mutum. Yanzu ki sa ɗalibanki su jero yadda ake amfani da shi. Ana cin mutuncin mutum, wannan wani ne ya yi masa. Mutum yana zubar da mutuncinsa, wannan shi ya yi wa kansa. Yana kare shi, yana tsare shi. Muna cewa "muna mutunci da wane", wato akwai girmama juna tsakaninmu. Sannan ga wadda ta fi duka koyarwa: in aka ce "wane ba shi da mutunci", ba ana nufin mutane sun raina shi ba ne, ana nufin shi ne ba ya ganin girman kowa. Wanda ba ya bayarwa, harshe ya ce ba shi da shi. Ashe mutunci a tsakanin mutane yake zaune. Ya bambanta da daraja da martaba, waɗanda asalinsu a Larabci mataki ne da matsayi, ana hawa ana sauka, wani ya fi wani. Shi mutunci yaro yana da nasa, almajiri yana da nasa.

Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a Hausa, ya lissafa halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ki duba su ɗaya bayan ɗaya, kusan babu wanda za a iya shaidar mutum da shi in yana zaune shi kaɗai a ɗaki.

A 1902 Charles Cooley ya bayyana yadda idon jama'a yake shiga zuciyar mutum a matakai uku. Mutum ya ƙiyasta yadda ya bayyana a idon wani, ya ƙiyasta hukuncin da wanin ya yanke masa, sai ya ji alfahari ko kunya. Inda abin yake lalacewa shi ne matakai biyun farko duk ƙiyasi ne. Nazarin da Shrauger da Schoeneman suka yi a 1979 ya nuna cewa yadda mutum ya ɗauki kansa ya fi dacewa da abin da yake zaton mutane suna faɗa a kansa, fiye da abin da suke faɗa da gaske. Ɗaliba ta ba da amsa, wasu biyu a baya suka yi dariyar wani abu dabam, ita kuwa ta tafi gida da tabbacin cewa ita aka yi wa, daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Mark Leary a 1995 ya kwatanta darajar kai da gejin mai na mota: aikinsa nuna ko mutum yana da karɓuwa wurin jama'arsa. In allura ta sauka, tankin ake dubawa, ba allurar ake turawa da hannu ba. Amma geji yakan lalace, ya riƙa nuna babu mai alhali tanki cike yake, kuma hakan ya fi faruwa ga wanda ya tashi cikin tsangwama da gori.

"Mutunci madara ne", in ya zube ba ya kwasuwa. Gargaɗi ne mai kyau ga wanda bai zubar ba tukuna. Ina roƙon kada a riƙa jefa shi ga yaron da ya riga ya yi kuskure, domin yaron da aka tabbatar wa ba shi da sauran abin karewa ba zai ƙara kare komai ba.

Malam, in "yabon kai jahilci" ne, yaya mai neman aiki zai faɗi abin da ya iya? Kuma yabon yaro yana lalata shi?

Karin maganar ba ta hana faɗin aiki ba. "Na koyar shekara shida, na rubuta manhajar aji uku" labari ne, ana iya bincikawa. "Babu kamata a wannan fanni" hukunci ne, kuma wanda ake yi wa shari'a ba ya zama alƙali. Jahilcin yana nan ne, don gwano ba ya jin warin jikinsa. Mai neman aiki ya kawo abin da ya yi, da adadi da lokaci, ya bar wa masu tambaya hukunci.

Yabon kai a ɓoye ma ba magani ba ne. A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Kanada suka sa mutane maimaita wa kansu cewa su abin so ne. Waɗanda dama suke raina kansu sai suka ƙara jin ba daɗi, domin zuciya ba ta karɓar abin da ta san ba ta yarda da shi ba. Jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti a 1986 da fatan ɗaga darajar kai zai rage faɗuwa a makaranta da aikata laifi. A 2003, da Baumeister da abokansa suka tattara binciken da aka riga aka yi, sai suka ga dangantakar darajar kai da sakamakon makaranta ba ta da ƙarfi, kuma ya fi yiwuwa ƙoƙarin ne yake haifar da darajar, ba darajar ce take haifar da ƙoƙarin ba.

Game da yaro, irin yabon ne abin dubawa. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka ba yara 'yan aji biyar aiki, suka ce wa wasu "lallai kana da kaifin ƙwaƙwalwa", wasu kuma "lallai ka yi ƙoƙari". Da aka kawo aiki mai wuya, 'yan rukunin farko suka fi saurin karaya, suka fi zaɓen mai sauƙi, kusan kashi 40 cikin 100 nasu kuma suka ƙara wa makinsu da aka ce su faɗa wa wasu yara. An ba su suna, suka koma tsaron sunan. Wani bincike na Eddie Brummelman a ƙasar Holan, wanda aka buga a 2015 kan yara 565, ya raba saiwoyin nan biyu da na ambata: iyayen da ke nuna wa yaro ya fi sauran yara suna shuka jin isa, iyayen da ke nuna masa ƙauna da kulawa suna shuka sanin darajar kai. Don haka a ce "na ga yadda ka sake gwadawa har sau uku", a bar "ka fi yayanka kai".

Malam, mene ne ma'anar "zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara"?

Ana faɗar ta ne in ƙarami yana son ya nuna cewa zama wuri ɗaya da babba bai mai da shi bawa ba. Ba ta ce zomo ya kai giwa girma ba, kuma a nan hikimarta take. Ta yarda da bambancin girma, ta ƙi yarda da bambancin 'yanci.

Kwatanta kai da wasu ba ya barin ɗan Adam. Leon Festinger ya bayyana a 1954 cewa in babu ma'auni tsayayye, da mutane muke auna kanmu, musamman waɗanda muke kama da su. Shi ya sa ci gaban abokin karatunka ya fi taɓa ka fiye da dukiyar attajirin da ba ka taɓa gani ba. Tun a 1890 William James ya ce darajar kai ita ce nasara a raba da buri, ya kuma kawo misalin ɗan damben da kunya ta kusa kashewa don shi ne na biyu a duniya. An ga wannan a gasar Olamfik ta 1992 a Basalona: da aka nazarci fuskokin 'yan wasa, masu lambar tagulla sun fi masu azurfa nuna farin ciki, don mai azurfa zinaren da ya kuɓuce masa yake kallo, mai tagulla kuwa wanda ya tafi hannu rabbana. Amfanin lissafin James shi ne ya nuna wurare biyu na gyara: a ƙara ƙwarewa, ko a rage fagagen da mutum ya ɗora ƙimarsa a kai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Malam, ni mace ce mai yawan kunya, ba na iya magana a taro. Ana yaba mini, amma ni na san tsoro ne. Kunya ce ko raina kai?

'Yar'uwa, tunda kin iya raba su a zuciyarki, kin yi rabin aikin. Kalmar kunya tana ɗauke da kaya uku: kamun kai da kawaici, wanda shi ake yabo; jin nauyin mutane, wanda hali ne da wasu suka fi wasu; sai zafin da ake ji bayan an yi abin faɗa. Ga yadda za ki gane. Mai kunyar kamun kai tana da maganar, ta auna, ta zaɓi shiru, ta tashi zuciyarta wasai. Mai raina kai tana da maganar, tana son ta faɗa, wata murya ta ce mata "ke wace ce?", ta koma gida tana cizon yatsa. Ta biyun tana hana tambaya, tana hana neman haƙƙi, kuma a kanta aka ce kunyar marar kunya asara ce.

Fara da gyara jimlar da kike faɗa wa kanki. "Na yi kuskure" tana magana kan aiki, tana kai mutum ga gyara. "Ni ba komai ba ce" tana magana kan mutum ɗungurungum, tana kai shi ga ɓuya. Masu bincike irin su June Tangney sun daɗe suna nuna wannan bambanci. Sannan kafin taro, ki rubuta abin da kike tsoron zai faru, dalla-dalla: muryata za ta yi rawa, za a yi dariya. Ki shirya tambaya ɗaya tak, gajera, ki yi ta da wuri kafin tsoro ya taru. Bayan taro ki duba takardar, ki rubuta abin da ya faru da gaske. Ki fara da mutum uku ko huɗu kafin babban zaure. Abin da yake ɓata wannan hanya shi ne a yi maganar ido a ƙasa, murya ciki-ciki, a gudu da an gama, domin zuciya sai ta ce ɓuyar ce ta cece ki. Ki kuma sani mutane ba sa kallon ki yadda kike zato. A gwajin da Thomas Gilovich ya buga a 2000, an sa ɗalibai riga mai hoton da suke jin kunyarsa suka shiga ɗaki, suka ƙiyasta kusan rabin mutanen sun lura, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne suka lura.

Akwai iyaka ga abin da wannan zai yi. In jin rashin ƙima ya haɗu da baƙin ciki kusan kullum har mako biyu ko fiye, barci da cin abinci suka rikice, abin da ake jin daɗinsa ya daina daɗi, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, to a ga likita ba tare da jinkiri ba. Kada kuma 'yan'uwa su kira wannan "mutuwar zuciya". Mai matacciyar zuciya a Hausa shi ne wanda yake da ƙarfi da dama amma ya gwammace a ba shi, kuma abin ba ya damun sa. Wanda ciwon damuwa ya kama yana son ya tashi, ya kasa, kuma kasawar tana cin sa dare da rana.